Siem Vlaar, Mai Duba Labulenmu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, Allah ya karɓi ran Siem Vlaar, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana jinyar masu taɓin hankali a tsohon asibitin nan na cikin tuddan yashi, bakin teku. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan keke, a hanyar da ta bi gefen ganuwar da ke tare ruwa zuwa garin Enkhuizen. Wani manomin kabeji ne ya tarar da shi kwance a ciyawa, keken na gefensa. Ni ban ji ba sai da ambulan mai toka-tokan gefe ta faɗo ta ramin wasiƙu na ƙofata. A nan kowa ya san abin da irin wannan ambulan take ɗauke da shi: sanarwar mutuwa. Na tsaya da ita a hannu ina tuno tsofaffin da na sani, ina zaɓar wanda zan iya haƙurin rasawa, kuma sunanka bai zo mini ba ko kusa, Siem.

Ni ce Trien Appelman, uwar Maarten. Masu karanta wannan mujalla ta cocinmu sun san ni, sun kuma san bakina. Fada ya ce in rubuta 'yan layuka, na ce masa ni ban iya 'yan layuka ba. Ina wannan rubutu ɗana yana sama a ɗakinsa. Ya daina shan magani, abinci ma sai wanda ya buɗe gwangwaninsa da hannunsa, yana ta ramewa a gaban idona. Gado yake bukata a asibiti, kuma mutumin da ya san yadda ake samar masa gadon shi ne muka binne.

Uwata ta rene ni a kan cewa abu biyu ne kawai ke sa a ja labule da rana: mutuwa ko abin kunya. Gidan mutanen kirki tagarsa a buɗe take, mai wucewa ya ga furanni, ya ga fitila, ya ga babu abin ɓoyewa. Haka tagata take har Maarten ya shiga shekara ta ashirin da ɗaya. Lokacin yana koyon ƙera jiragen ruwa na katako, maigidansa yana yaba hannunsa. Sai ya fara jin magana daga cikin bututun ɗumama ɗaki. Da farko dariya yake yi wa muryoyin, daga baya ya koma roƙonsu. Ya ce ana leƙensa daga titi, ya ja labulen falo, ni kuma na ji daɗin da ya ja, don ba na son a ga abin da ɗana ya zama. Mijina Cor, Allah ya jiƙansa, cewa yake lalaci ne, a tura yaro gona ya ji sanyi zai dawo hayyacinsa. Muka yi watanni a cikin duhu mu uku, babu mai barcin kirki, babu mai kallon idon wani.

Ranar da aka ba shi gado a asibitin tuddan yashi, ni na raka shi. A lokacin ko sunan wurin ba a faɗa a garinmu, sai dai a ce an kai wane tuddai, a rage murya. Na je ne a shirye da faɗa, don na ɗauka kurkuku zan miƙa ɗana. Sai ga wani dogon mutum mai manyan kunnuwa, sanye da rigar sanyi da ta sha faci a gwiwar hannu, ya fito ya miƙa wa Maarten hannu tun kafin ya kalle ni. Ya tambaye shi irin katakon da ya fi daɗin aiki. Yaron da ya yi makonni bai ce uffan ba ya amsa masa. Kai ne mutumin, Siem. Sannan ka juyo gare ni.

"Maman Maarten, yaushe rabonki da barci?"

Na ce ba barcina ya kawo mu ba.

"Na sani. Amma ki je gida ki kwanta. Daga yau tsaronsa aikina ne, kuma ni biyana ake yi, ke ko sisi ba a ba ki."

Na tsane ka a ranar, ba zan ɓoye ba. Na koma gida na faɗi a kan kujera da takalmina, ban farka ba sai washegari da hantsi. Da na tashi na yi kuka, na buɗe labule.

Ba zan ce wurin aljanna ba ne, don kai ma ba ka taɓa cewa haka ba. Ƙofa a kulle take. Maganin farko ya sa hannunsa rawa, na biyu ya sa shi ƙiba har ya daina son madubi. Akwai ranar da aka rufe shi a ɗakin keɓewa, na zo na yi maka tas a gaban mutane, ka tsaya ka sha zagin har na gama, sannan ka kawo mini kofi. Amma abin da wurin ya ba ɗana, gidana bai iya ba shi ba duk da son da nake masa. A can idan magani bai karɓe shi ba, akwai mai gani tun a ranar, a gaya wa likita, a canja. Ana tashinsa a kan lokaci, a ci abinci a kan lokaci, har jikinsa ya sake sanin bambancin dare da rana. Idan muryoyin suka taso masa, akwai wanda zai zauna kusa da shi wanda ba ya firgita, ba ya kuka, ba ya cewa me na yi wa Allah. Ni kuwa duk ukun nan nake yi. Kuma a can ne ya fara ganin ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ya sami wani tsohon malamin makaranta da shi ma ake yi wa magana ta rediyo, suka riƙa kwatanta wanda muryoyinsa suka fi rashin kunya suna dariya.

Sai maganar dankali. Duk wanda ya taɓa zama a sashenka ya san ta. Kullum da hantsi kana zaune a bayan kicin da buhun dankali da 'yan ƙananan wuƙaƙe, marasa lafiya kewaye da kai. Sabon zuwa wanke dankali kawai yake yi. Ba ka taɓa cewa wane ya samu sauƙi ba, sai dai wata rana ka tura masa wuƙa ta kan tebur ba tare da ka ɗaga kai ba, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Ranar da na shigo na ga Maarten riƙe da wuƙa a tsakiyar mutane, na yi ihu na ce maka ko kai ma ka taɓu ne.

"Mama, ki yi a hankali," in ji Maarten, "kina ba ni kunya a wurin aiki."

Kai kuwa ka ɗaga wani dankali da ya fere ka nuna mini. "Dubi nan. Rabin dankalin ya tafi da ɓawo. Hankalinsa ya dawo, amma fira sai a hankali. A gida wa ya koya masa, ke?"

Aka yi dariya, har da shi. Rabona da jin dariyar ɗana tun kafin ciwon. Bayan 'yan watanni aka sallame shi, ya koma wurin jiragen ruwa yana aikin rabin yini. Ciwon bai tafi ba, irinsa ba ya tafiya. Duk bayan shekara biyu ko uku sai ya taso, yawanci idan rana ta fara gajarta. Amma mun san hanya. In buga waya, ka ce kawo shi, ya yi 'yan makonninsa, ya wanke dankali, a tura masa wuƙa, ya dawo gida. Da haka muka rayu, har Cor ya sauko daga fushinsa ya riƙa kai masa ƙyafaffen kifi ranar Lahadi. Ya rasu suna shiri da ɗansa, wannan kuma kai ka ba su.

Daga baya aka ce zamani ya canja, mara lafiya ya fi warkewa a cikin danginsa, a unguwarsa. Ban ce ƙarya ba ne, na san waɗanda hakan ya yi wa daɗi. Sai dai da aka ce dangi, a gidanmu ni kaɗai ake nufi, tsohuwa mai ciwon ƙugu. Aka rufe tuddai. Yanzu gidajen masu hali ne a wurin, har da filin wasan yara a inda kicin yake. Abin da ya rage shi ne wani ɗan sashe a babban asibitin gari, gadajensa kaɗan, masu jira da yawa. Kai ma a shekarar ka yi ritaya, aka ba ka furanni da agogo.

Mun ɗauka ka huta ke nan. Ashe ka sayi sabuwar ƙararrawar keke ne. Ka tsiri zagaye ƙauyuka kana bin titunan da tsofaffin marasa lafiyarka suke. Ba ka shiga gidan kowa, don ka san mu, baƙon da bai yi alkawari ba tayar mana da hankali yake yi. Taga kawai kake kallo. Idan labule a buɗe yake, sai ka kaɗa ƙararrawa ka wuce. Idan ka gan shi a rufe da rana tsaka, sai ka jingine keke ka ƙwanƙwasa. Ba mu taɓa zama mun shirya wannan da kai ba. Ka dai san cewa irinmu ba ma iya buɗe baki mu ce mun kasa, amma labulenmu yana faɗa. Maarten ya san ƙarar ƙararrawar nan cikin dubu. Ko yana sama sai ya ce, "Ga mai kunnuwa nan ya wuce."

Yanzu kafin a ba mutum gado sai ma'aikata sun zo gida sun duba shi, kuma da alkawari suke zuwa, a sa rana a sa lokaci. To wace mace ce a ƙasar nan za a ce mata baƙi na zuwa ranar kaza ta bar gidanta yadda yake? Zuwansu na farko na wanke dakali, na goge gilashi, na buɗe labule, na jera kofuna da biskit. Maarten, wanda ya kwana uku yana gardama da bututu, ya yi wanka ya sa farar riga, don shi ma ɗana ne, ni na rene shi. Likitar yarinya ce mai hankali da ladabi. Ta tambaye shi yaya jiki, ya ce lafiya lau, ya gode. Ta tambaye ni ko ina iyawa, na ji bakina yana cewa ai muna lallaɓawa. Ta ga gida tsaf, ta ga uwa tsaye, ta ga saurayi mai gaisuwa. Tana da gado ɗaya da mutum biyar masu nemansa, me za ta rubuta? Ban ga laifinta ba. Suka sha kofi suka tafi, ni kuma na rufe ƙofa na zauna a ƙasa.

Da ka ji labari ka riƙe kai. "Trien, ke da tsintsiyarki za ku kashe yaron nan. Wa ya ce ki share?"

"To in bar mutane su shigo cikin ƙazanta?"

"Ƙazantar suka zo gani! In kika sake taɓa bokitin nan kafin su zo, wallahi da shi zan tafi gida."

Zuwa na biyu kana nan. Ka iso tun da safe ka zauna a falo ka tsare ni, duk inda na nufa da tsumma sai ka yi gyaran murya. Da likitar ta zauna, Maarten ya fara lafiya lau ɗinsa, sai ka ce masa a hankali, "Maarten, ni ne fa. Gaya mata abin da bututu ya ce maka yau." Ya dube ka, ya dubi ƙasa, ya faɗa. Ya faɗi har abin da ni ban sani ba, cewa suna ce masa ya tafi bakin ruwa kada ya dawo. Likitar ta gode maka, ta gode masa, a ranar aka ba shi gado. Sau uku aka yi haka cikin shekarun nan, kuma duk sau ukun ya dawo mini da ransa. Ban da kai babu wanda yake gaya wa gaskiya. Ni yana tausayina, su kuma yana jin kunyarsu.

Ba mu kaɗai ba ne, a coci na gane haka. Ranar jana'izarka layukan baya cike suke da mutanen da ban taɓa gani a wajen ibada ba, wasu hannunsu na rawa, wasu ba sa iya zama wuri ɗaya, kowa ya sa rigarsa mafi kyau. Wata mata ta zo da ƙaramar wuƙar fira a cikin jakarta, ta ce kai ka ba ta ranar da aka rufe tuddai, ta nuna wa duk wanda ya yarda ya kalla. Tsohon malamin nan na rediyo yana nan, ya tsufa ƙwarai, ya tambaye ni Maarten. Na ce yana fama da mura. Ka ji ni ko, Siem? A wajen jana'izarka ma ban iya faɗa ba.

Da aka koma zauren coci shan kofi da kek, na bi layi na isa wurin matarka Riet. Ta riƙe hannuna da hannu biyu.

"Trien, ya yaronki?"

Ita ban iya yi mata ƙarya ba. Na girgiza kai.

"Ya sani," ta ce. "Da safen ranar da ya rasu na ce masa iska ta yi yawa, ka zauna. Ya ce sanyi ya shigo, lokacin Maarten ne, bari in je in ga tagar Trien. Wajenku ya nufa."

A safiyar Talatar da ka rasu ce na ja labulen. Da hannuna na ja, da gangan, karo na farko a rayuwata, don na ga abin ya fi ƙarfina. Na dafa kofi na zauna ina jiran ƙarar keke a jikin bango. Rana ta yi, ta karkata, ba ka zo ba. Na ce a raina tsohon nan ya fara lalaci. Ashe kana kwance a ciyawa, tsakaninka da titinmu bai kai tafiyar shan kofi ɗaya ba.

Maarten bai je jana'iza ba. Na gaya masa ka rasu, ya ce ba gaskiya ba ne, su ne suka aiko da ambulan ɗin don su gwada shi. Kullum da hantsi yakan sauko ya zauna a bayan labule ya kasa kunne. Jiya wani ya wuce yana kaɗa ƙararrawa, ya miƙe zumbur, sai kuma ya koma ya zauna, ya ce ba ita ba ce. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugunsa. Na ɓoye makullin ƙofar baya, wadda ke fita wajen ruwa, amma ni shekarata saba'in da biyar, shi kuwa namiji ne mai ƙarfi, idan ya ce zai fita ba ni da yadda zan yi.

Na buga waya, an sa mana rana, mako mai zuwa za su zo. Na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa tsintsiya ba, kuma wataƙila in cika. Amma ko na bar gidan kaca-kaca, za su tambaye shi yaya jiki, kuma na san amsar. Tun yanzu ya ce in goge masa farar rigarsa. Na gwada maganarka, na ce, "Maarten, ni ce fa, ka gaya musu." Ya shafa kaina ya ce, "Mama, kada ki damu, lafiyata lau." Ba ni da wani fata da zan rubuta a nan, kuma ba zan ƙirƙiro shi don mujallar coci ta yi daɗin karatu ba. Ina jin tsoro. Ina tsoron wannan sanyin, ina tsoron na gaba, ina kuma tsoron ranar da tawa ambulan za ta faɗa ta ƙofofin mutane, shi yana sama shi kaɗai.

Shekaranjiya na haɗu da maƙwabciyata Afra a shagon burodi. Mutuniyar kirki ce, mun fi shekara talatin ƙofa na kallon ƙofa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Trien, sannu da rashi. Na ga tun ranar da Siem ya rasu kika ja labule. Na ce wa maigidana, ka gani, ita kaɗai ta rage mai riƙe al'adar da. Kin kyauta wallahi, ya cancanta." Na buɗe baki, na ce mata na gode. Na karɓi burodina na dawo gida.

Allah ya jiƙanka, Siem Vlaar. Ubangiji ya yi maka rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka yadda ka riƙa karɓar 'ya'yan mutane a bakin ƙofa, da miƙa hannu kafin tambaya. Ya ba ka hutun da ka ba uwaye da yawa, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Riet, wadda ta yi shekaru tana ajiye maka abinci yana hucewa saboda 'ya'yan wasu, da 'ya'yanku Marloes da Niek, da jikokinku, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ina kuma yi wa mutanen layukan baya ta'aziyya, su da iyayensu, waɗanda babu wanda zai aika musu da katin gaisuwa. Allah ya dubi marasa lafiyarmu, ya buɗe musu ƙofar da za a tsare su a lokacin da ba sa iya tsare kansu. Amin.

Labulen yana nan a rufe, Siem. Duk unguwa ta gani, kuma kowa yana yaba mini.